Wata Uku Babu Sabis: Abin da Funtua da Maska Suka Nuna Mana Game da Soyayyar Waya

A farkon watan Satumba na 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga. Cikin 'yan kwanaki mutanen Gusau da Tsafe suka fara cika motoci suna tahowa Funtua, ba don cin kasuwa ba, don kawai su kira 'yan uwa, su duba saƙo, su ciri kuɗi. Funtua ta zama tamkar rijiya guda a tsakiyar rani. Ba a rufa mako biyu ba ita ma rijiyar ta ƙafe. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanar da ɗauke sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtua, Bakori, Malumfashi, Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara. Har masu cajin waya na kuɗi sai da aka dakatar. Maska tana ƙarƙashin Funtua, don haka ita ma wayoyinta suka koma tocila da agogo. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan.

Dalilin gwamnati shi ne a toshe hanyar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke bi. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta masana tsaro. Mu abin da ya shafe mu daban ne. Kusan wata uku dubban matasa irinmu, masu kwana da waya a ƙarƙashin filo, suka rayu babu WhatsApp, babu Facebook, babu TikTok, babu gem ɗin da ake bugawa da intanet. Yau da ake ta cacar baki kan ko waya gyara zumunci take yi ko ɓata shi, babu inda ya kamata mu fara dubawa kamar wannan yanki, domin su sun ɗanɗana duka biyun.

Abin da aka rasa, da abin da aka gano

Duk wanda ya san ƙasar Maska ya san yadda rayuwa take tafiya. Da damina ana gona: masara, dawa, waken soya, auduga. Da an kwashe amfani, samari da yawa sai su kama hanyar Kaduna, Abuja ko Legas, wasu acaɓa, wasu dako, wasu tireda. Ɗalibai kuma suna Zariya ko Katsina ko Dutsin-Ma. Wato rabin masoyan yankin ba gari ɗaya suke kwana ba. Saurayi yana Mararraba, budurwa tana Maska, abin da ya haɗa su shi ne kiran dare da saƙon murya. Da aka ɗauke sabis, wannan igiyar ce ta tsinke, kuma ta tsinke ne a lokacin da kowa ke cikin fargabar jin mummunan labari daga gida.

Sai mutane suka koma dabarun iyaye da kakanni. Aka dawo da rubuta wasiƙa a ba direban tasha. Aka dawo da saƙon baki: in ka isa ka gaya wa wane muna lafiya. Wasu suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa inda ake samun sabis, su yi kiran minti goma, su juyo. Masu tura fina-finai a waya kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Abin dariya, Izzar So na Lawan Ahmad a tashar da ake kira Bakori TV yake fita a YouTube, amma a wancan lokacin ɗan Bakori sai ya jira wani ya sauko da sabon fitowa daga wani gari kafin a tura masa ta Xender. Haka masu bin Labarina na Aminu Saira da ba su da tauraron ɗan Adam a gida.

Darasi na farko ya tafi ga manyanmu masu cewa abotar waya ba abota ba ce, soyayyar waya kuma wasan yara ce. Kewar da aka sha a waɗannan watanni ta gaske ce. Wanda ya saba jin muryar wani kullum kafin ya yi barci, in aka raba shi da muryar nan, zuciyarsa ba ta tambaya ko ta waya take zuwa ko ta ƙofar zaure.

Darasi na biyu namu ne, mu matasa, kuma ya fi ɗaci. Kana da lambobi ɗari biyar a waya, kana cikin guruf ashirin, mabiyanka sun haura dubu. Da sabis ya tafi, mutum nawa ne suka aiko direba ya tambayi lafiyarka? Mutum nawa ka tuna da su kai kanka? Rufe layin ya zama rariya. Abin da ya tsaya a sama shi ne alaƙar da dama tana da saiwa a ƙasa: an san gidanku, an san mahaifiyarka, an san hanyar da za a bi a same ka ko babu waya. Sauran duk suka zube, kuma babu wanda ya yi laifi, dama can abin da ya riƙe su bai wuce data ba.

Yadda waya ta mayar da so abin ƙirgawa

Mu koma baya kaɗan mu ga yadda zance yake a da. Saurayi zai zo ƙofar gida bayan isha'i, ya aika yaro ya yi masa sallama da yarinya. In ba ta fito ba, akwai uzuri goma da zai ba kansa: ƙila tana girki, ƙila baba yana tsakar gida, ƙila yaron ne bai isar da saƙo ba. Rashin sanin nan yana da zafi, amma yana bar wa zuciya wurin kyautata zato.

Waɗanda suka yi zamanin 2go sun ga farkon canjin, lokacin da ake kwana ana hira don a tara taurari a ɗaga matsayi. A ƙarshen 2014 WhatsApp ya kawo alamar nan mai shuɗi guda biyu da ke nuna an karanta saƙonka. A 2017 ya kawo sitatus, wanda har sunayen waɗanda suka kalla yake jera maka. Ga layin da ke nuna lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe, ga wanda ke nuna yana kan rubutu. Kowanne cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma in ka haɗa su sai ka ga an kashe uzuri gaba ɗaya. Yanzu ba ka zato, shaida kake riƙe da ita. Ta karanta ƙarfe 10:14, ba ta amsa ba sai 11:40, kuma a tsakani ta ɗora sitatus. Shari'a ta tashi kenan tun kafin a ji ta bakinta, alhali ƙila caji ne ya ƙare, ƙila ƙanwarta ce ke riƙe da wayar, ƙila kuma ta gaji ne kawai, wanda haƙƙinta ne.

Wannan shi ne babban abin da manhajojin nan suka yi wa alaƙarmu: sun sa mata lamba. Laik nawa, kallo nawa, minti nawa kafin amsa, wa ya fara tura saƙo jiya. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuma mun koma tambayar agogon WhatsApp. Kuma ba haɗari ba ne ya sa aka gina su haka. Facebook, Instagram da TikTok da talla suke cin abinci, tallar kuwa tana tsada ne gwargwadon daɗewar da ka yi kana kallon allo. Duk abin da zai sa ka sake ɗaga wayar, ko farin ciki ne ko kishi ko fushi, riba ce a wurinsu. Ba ka san lokacin da saƙon da kake jira zai shigo ba, shi ya sa kake dubawa sau hamsin. Irin wannan jiran na ƙila yanzu, ƙila anjima, shi ne dai abin da ke riƙe ɗan caca a kan tabarma.

Mu masoya waƙa mun san namu salon. An yi faɗa, maimakon a kira a yi magana, sai a yanko daƙiƙa talatin daga waƙar Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker a ɗora a sitatus, a zauna ana gadin jerin masu kallo har sunan mutumin ya bayyana. Shi ma ya rama da tasa waƙar. Mutum ɗari biyu sun san akwai matsala, su biyun da abin ya shafa ba su ce wa juna uffan ba.

Ku tuna 2020, lokacin kullen korona, da waƙar Jaruma ta Breaker ta tashi gari, matan aure suka riƙa ɗora bidiyon suna yi wa mazajensu rawa. Wasu suka yaba, wasu suka yi tir. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne mai kallo. Amarya a Malumfashi, wadda mijinta ya dawo daga gona a gajiye ko magana ba ya iya yi, tana kallon ɗaki mai fitilu da miji yana liƙi da sababbin kuɗi. Ba ta ga sau nawa aka maimaita ɗaukar ba, ba ta ga abin da ya faru bayan an kashe kyamara ba. Tana auna rayuwarta ta awa 24 da daƙiƙa talatin ɗin wata, kuma a irin wannan awo kowa faɗuwa yake yi.

Gem: majalisar da ba ta da magariba

A yi wa gem adalci. Abokai huɗu da suka tashi unguwa ɗaya a Funtua, yau ɗaya yana Legas, ɗaya Fatakwal, ɗaya makaranta, ɗaya yana gida. Ludo King ko PUBG ko Free Fire ko eFootball kan haɗa su da dare, suna wasa suna zolayar juna da murya kamar suna teburin mai shayi. Namiji Bahaushe da wuya ya kira abokinsa ya ce na yi kewarka. Abin da zai ce shi ne, kai shigo mu buga. Ma'anar ɗaya ce. A cikin wasan ne ake jin wane ya rasa aiki, wane zai yi aure, mahaifin wane ba shi da lafiya. Ga wanda yake baƙon gari, kwana a shago ko a gareji, wannan awa guda tana iya zama ita ce kaɗai lokacin da ya ji shi a gida.

Matsalar tana wurin tashi. Darar da ake yi a gindin bishiya tana da lokacin ƙarewa: rana ta faɗi, an kira salla, kowa ya kakkaɓe riga. Gidan kallon ƙwallo ma in alƙali ya hura tashi, mai janareto kashewa yake yi. Gem ɗin waya ba shi da magariba. An tsara shi da kyautar kullum wadda in ka tsallake rana ka yi asara, da matsayi da ke sauka in ka daina, da abokan tawaga da za su ce ka watsa musu ƙasa a ido in ka fita. Sai ka ga saurayin da zai fita gona da asuba yana fafatawa har ƙarfe biyu na dare. Sai ka ga ango yana ɗaki, amarya tana gefensa, amma dariyarsa da ihunsa duk na mutanen cikin abin kunne ne. Babu kishiyar da ta fi wannan wuyar kai ƙara, domin in ta faɗa a gida za a ce ai wasa ne kawai.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar gem cikin kundin cututtukanta, kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Ba ta ce duk mai buga gem mara lafiya ba ne. Alamomin da ta zayyana uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin da yake bugawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma a ɗauki kamar shekara ana haka. Kowa ya auna kansa. In kuma kuɗi suka shigo, an bar batun wasa an shiga caca, shi ya sa a Oktoban 2024 Hisbah ta Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa. Sai dai shagon da ke cikin aljihu babu mai iya sa masa kwaɗo sai mai aljihun.

Lokacin da zumunci ya zama jari

Idan 2021 ta nuna mana rayuwa babu sabis, 2024 ta nuna mana ɗaya ƙarshen. Wa ya manta Hamster Kombat? Gem ne a cikin Telegram, ka yi ta danna hoton wani ɗan ɓera kana tara maki, da alƙawarin wata rana makin zai zama kuɗi. Masu shi sun yi iƙirarin mutum sama da miliyan 300 ne suka shiga a duniya. A Arewa kuwa abin ya zama kamar annoba: a majalisa, a aji, a shagon aski, a gidan biki, kowa kai a sunkuye yatsa na aiki. Kafin shi akwai Pi, wanda aka fara tun 2019, masu haƙarsa har suna suka samu, 'yan baiwa.

Sirrin waɗannan wasanni shi ne gayyata. In ka kawo wani ta linkinka, makinka ya ƙaru. Wato kamfanin bai biya kuɗin talla ba, da zumuncinka ya yi tallar. Abokin da ya shekara biyu bai neme ka ba sai ga sallamarsa, ka amsa da murna, kafin ka gama tambayar mutanen gida linki ya biyo baya. An karɓi wayoyin iyaye da na ƙanne an yi rajista. Majalisu sun rabu biyu, masu imani da abin da masu yi musu dariya, har ta kai wasu ba sa ga maciji.

Ranar 26 ga Satumba 2024 aka raba abin da aka tara. Mutane da yawa suka yi ta kukan cewa abin da suka samu bai kai kuɗin data da cajin da suka ƙona ba, har aka riƙa kiransa ƙura. Asarar kuɗi da sauƙi. Asarar da ta fi daɗewa ita ce ta yarda: yanzu in tsohon aboki ya yi maka sallama a WhatsApp, kafin ka yi murna sai ka jira ka ga me zai biyo baya.

Taurari da mu

Haka abin yake tsakaninmu da jaruman da muke so. Da can sai a fosta ko a kaset kake ganin jarumi. Yanzu yana laif a TikTok, kana tura kyauta da kuɗinka, ya ambaci sunanka sau ɗaya, ka kwana kana murmushi. Daɗin da ka ji na gaske ne, amma alaƙar gefe ɗaya ce: kai ka san ranar haihuwarsa, shi bai san kana duniya ba, kuma manhajar ta yanki kasonta mai tsoka daga kyautar kafin ta isa hannunsa.

A 2019 saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya fito fili a Instagram har ya kai gaban kotu a Kano, daga baya manya suka shiga tsakani aka sasanta. Su sun shirya, sun ci gaba da harkokinsu. Magoya baya fa? Nawa ne suka zagi iyayen juna, suka yi wa juna bulok, a kan mutanen da in sun haɗu rungumar juna suke yi? Kuma kada mu manta abin da aka yi a waya ba ya tsayawa a waya. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, kan bidiyon da suka yi game da gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Bidiyon na intanet ne, bulalar kuwa a jiki ta sauka.

To ina mafita?

Babu mai hankalin da zai yi fatan a sake ɗauke sabis. Mutanen Funtua da Malumfashi sun ga yadda ciniki ya tsaya, masu POS suka rufe, mai mara lafiya ya rasa yadda zai kira a kawo ɗauki. Waya ta zauna daram, kuma tana ƙara tsada: a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Tunda kuɗinmu da barcinmu muke zubawa, ya kamata mu san me muke saya.

Ka yi wa kanka gwajin 2021. In gobe aka wayi gari babu sabis, mutum nawa za ka rubuta wa wasiƙa ka ba direba? Waɗannan su ne mutanenka. Ka duba ko su ne ke samun mafi yawan lokacinka a waya, ko kuwa baƙin da ba su san sunan garinku ba.

In alamar shuɗin nan da lokacin leƙawa na ƙarshe suna hana ki barci, 'yar uwa, akwai wurin kashe su a cikin saitin WhatsApp. Ku yi magana ke da shi, ku kashe tare. In an ɓata, a kira da murya ko a taka a je, domin rubutu ba ya ɗaukar sautin lallashi, sitatus kuma kasuwa ce. Hoton da ba za ki so yayanki ya gani ba, kada ya bar wayarki, ko wa ya roƙa, domin soyayya tana iya ƙarewa amma abin da aka tura ba ya dawowa. Kai kuma ɗan uwa mai gem, ka yi wa majalisarku magariba da kanka, kuma duk wasan da ya ce ka kawo abokanka ko ka zuba kuɗi kafin ka ci, ka tambayi kanka wane ne kayan sayarwar a nan.

Saura 'yan Kannywood. Mun gaji da labarin ɗan mai kuɗi da 'yar talaka a katafaren gida a Abuja. Ga labari nan a kudancin Katsina yana jiran mai ɗauka: an sa ranar aure, ango yana Legas, amarya tana Maska, sai aka ɗauke sabis wata uku. Wasiƙa ta ɓace a tasha, wani ɗan unguwa ya fara zarya ƙofar gidan, ƙawa ta kawo labarin ƙarya, ga masara ta isa girbi, ga fargabar dare. Duk abin da fim ke buƙata yana ciki, kuma dubban mutane sun rayu a cikinsa da gaske. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take. Marubucin da ya iya nuna wanda ya taka da wanda ya tsaya jiran sabis ya dawo, shi zai ba mu fim ɗin da za mu kalla mu ga kanmu.